Yadda Za Ka Zama Ɗan Gari Ba Tare da Ka Taɓa Fartanya Ba

Idan ka cinye ƙuruciyarka a birni, ka dawo garin ubanka ka tarar kai baƙo ne, wannan darasi naka ne. Bi shi daki-daki, kafin a yanke shinkafa za ka zama ɗan gari ko ka so ko ka ƙi. An gwada shi a kan Alhaji Haladu, wanda ya ajiye aikin gwamnati a Kaduna ya koma wani ƙauye kusa da Ƙarfi, kuma har yanzu yana nan da ransa.

1. Ka fara sanin ciwonka

Ciwon shi ne girmamawa. Alhaji Haladu ya gina gida, ya sa wa masallaci fanka, amma ko abokin kaciyarsa Yallaɓai yake ce masa. Da ya iso majalisa sai gardamar taki ta mutu, a koma tambayarsa zafin Kaduna. Gwaggo Asma'u, ƙanwar mahaifinsa da ta goya shi, sai ta aiko masa da tuwo haɗe da cokali. Ƙiyayya kowa na iya ɗauka. Cokali a gidan ubanka sai namijin duniya.

2. Ka nemi shawara daga nesa

Kada ka tambayi na kusa, cewa za su yi ka shiga gona. Kira 'yarka da ke jami'a. Tasa, Yasmin, bidiyo ta turo masa a waya: ka zauna cikin halittun Allah, ka rufe ido, ka saurari numfashinka, sannan ka rubuta abin da zuciyarka ta ji. Lura da kyau, babu sunkuyo a ciki. Duk ilimin da bai kawo ciwon baya ba, riƙe shi hannu biyu.

3. Shiga da wurin zama

Farar babbar riga, wadda ta sha sitati. Halittun Allah ma a nuna musu mutunci.

Alhaji ya zaɓi kan kunya a bakin shinkafar maƙwabcinsa Sanda, daidai inda hanyar kasuwa ta ratsa fadama. Ka duba ƙasa kafin ka zauna. Cinnaku ma halitta ne, kuma su ba su san Yallaɓai ba.

4. Yadda za ka yi da gaisuwa

Nan ne masu bidiyon suka yi sakaci: a ƙasarmu ba a wuce mutum. Mai keke zai gaishe ka, mai tallan nono za ta gaishe ka, mai babur zai danna ham ya tambayi gajiya. Amsa sallama wajibi ne, shiru kuma shi ne darasin. Alhaji ya raba gardama: ya amsa a ciki, ya ɗaga hannu biyu sama, idonsa a rufe. Rigar ta buɗe kamar tanti, ta yi ƙara.

Lokacin shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauko garke-garke. Duk ɗaga hannun Alhaji sai su watse. Shi bai gani ba. Sanda ya gani.

Washegari Sanda ya tsaya a bakin hanya yana tare jama'a.

"Kun gaida Yallaɓai kuwa?"

"Mun gaishe shi da za mu tafi."

"To ai yanzu dawowa ce. Babba ne, a ƙara."

Yunis, mai gonar gefe, ya zo da nasa salon bayan ya taso daga coci. "Yallaɓai, ba don na raina wurin Sanda ba, amma iskar wajena ta fi sanyi. Natsuwa ta fi saurin sauka."

"Natsuwar wajenka sauro ne," in ji Sanda. "Bar mutum inda Allah ya ajiye shi."

Ka ga an fara rububinka ke nan. Kada ka tambayi dalili. Tambaya ita ce take ɓata yawancin farin ciki.

5. Ka rubuta

Mu da muka riƙe biro da furfura mun san rubutu ba ya ƙarya, mai shi ne dai. Ga abin da Alhaji ya karanta wa majalisa da bakinsa: "Yau tsuntsaye sun yi ta kewaya ni, ko ɗaya bai sauka ba. Su ma nauyina suke ji." Sanda ya shiga tari har sai da aka ba shi ruwa.

6. Ka yi fashin rana ɗaya, kada ka gaya wa kowa

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin. Aka kira 'yan fansho tantancewa a Funtua, Alhaji ya hau mota da sassafe. Jan-baki suka yi walima. Ashe a cikin shinkafar akwai ɗan fegin Gwaggo Asma'u, wanda take ci da shi shekara.

Da la'asar ya sauko daga mota, ta tare shi a gaban majalisa, ko sandarta ba ta ɗauko ba.

"Kai Haladu, mai kunnen ƙashi. Tun kana yaro haka kake, a sa ka aiki ka sulale."

"Wane aiki, Gwaggo? Ni nazari nake yi."

"Nazarin gidanku. Tsuntsu ya cinye mini abinci kana can kana yawon birni."

"Kai ma dai, Haladu," in ji Sanda. "In tafiya ta kama ka, ba sai ka bar mana rigar ba?"

Sai a lokacin Alhaji ya gane abin da ya zama a fadama. Mutum-mutumin korar tsuntsu.

7. Ka yi fushi da murya

Kada ka haɗiye, haɗiya aikin baƙo ne. Alhaji ya kira Sanda ɓarawon ƙwan zabi, ya tuna masa ranar da aka ɗaure shi a turken jaki. Sanda ya tuna masa wanda ya yi gadi a wannan sata. Aka riƙe wannan, aka riƙe wancan, Yunis na ba da shaida a kan kowa. Mai unguwa ya zaunar da su, ya wanke su tas, ya yanke cewa Haladu zai zauna a fegin gwaggonsa har a yi yanka, tunda shi ya sabar wa mutane da gadin.

Ya koma gida murya a dushe, ya kira Yasmin. Ta ce, "Baba, lafiya? Wa ya taɓa ka?"

"Kowa da kowa," ya ce, yana dariya.

Gargaɗi

Ni dai abin da na ji a gefen majalisa na faɗa. Babu hannuna a zazzaɓin sauro, ko sagewar kafaɗa, ko gwaggon da ta zo da sanda. Wanda kuma tsuntsu ya saba da rigarsa, ya je ya yi kuka da telansa.