Kyamarar Kunnen Gwamnati

A duk benenmu babu wanda ya kai Kunnen Gwamnati kishin ƙasa. Mu muka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Mataimakin muƙaddashin jami'i ne a Sashen Sa Ido Kan Jita-jita, ofishin da ko ma'aikatansa ba su san takamaiman aikinsa ba. Katin aikinsa ba ya barin wuyansa, ko shanya zai kwashe. Ga shi da tausayi. Gwamnati yake tausaya wa, wai tana da jama'a birjik amma ba ta jin abin da suke faɗa a bayan idonta.

Abin da ya tsone masa ido shi ne shagon aski da ke ƙasan bene. Nan maza ke zama bayan an tashi aiki, a koka da wuta, a koka da ramukan titi, a yi dariya a watse. Mai askin bawan Allah ne, da wannan shago yake riƙe da tsohuwarsa da 'ya'yansa. Laifinsa kawai ba ya toshe bakin wanda yake yi wa aski.

Wata rana Kunnen Gwamnati ya tara mu a tsakar gida, ya hau matakala don a gan shi da kyau.

"'Yan uwa, na yi muku hanya," in ji shi. "Za a kafa kyamara mai naɗar murya a jikin ginshiƙin nan na ƙofar shago. Kai tsaye take aikawa hedikwata. Ni da kaina na nemi kada kowa ya taɓa ta ko abin da ta naɗa, har ni. Kalmar ɓatanci ɗaya ta fito, an rufe shagon."

Malamar makaranta da ke hawa na sama ta tambaya wa zai riƙa sauraro, kuma wa ke sa ido kan mai sauraron.

"Malama, idan ba ki da abin ɓoyewa, me zai dame ki?"

Aka kafa. Shago ya yi tsit. Masu zuwa suka koma yabon yanayi, wasu suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Mai aski ya rame, ko tari abokin ciniki ya yi sai ya ɗaga kai ya kalli ginshiƙi. Ni dai abin ya ƙona min rai, amma a cikin bargo nake faɗa.

To, benenmu yana da wata lalura: waya ba ta kamawa sosai sai a gindin ginshiƙin nan. Mu duk mun haƙura, sai mu taka har bakin titi. Kunnen Gwamnati kuwa bai ga dalili ba. A tunaninsa kyamara kamar karen gida ce, ba ta cizon wanda ya kawo ta. Kullum da safe nan yake tsayawa ya kira yayansa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Yaya, ai Daraktan nan namu hoto ne. Munshari yake yi a taro, ya farka ya ce ya amince. Su ma na saman duk kanwar ja ce. Da ni ke riƙe da ƙasar nan, da tuni an wuce wurin."

Mukan wuce mu gaishe shi da ladabi. Babu wanda ya ce masa uffan. Ba mugunta ba ce, shi ya koya mana kama baki.

Ranar da aka kira shi hedikwata ya fita da sabon takalmi, yana gaya wa matarsa ƙarin girma ne. Da yamma ya dawo wuya fayau, babu kati. Ashe zaunar da shi aka yi, Darakta na gefe idonsa biyu tar, aka kunna masa muryarsa tun daga farko. A duk abin da aka naɗa, bakinsa kaɗai aka samu da laifi. Shagon aski kuwa har yabo ya samu, wai ba a taɓa jin wuri mai tarbiyya irinsa ba.

Washegari ya sake tara mu, ya hau matakalarsa. Wannan karon raɗa yake yi.

"'Yan uwa, ɗan Adam yana da 'yanci. Sirrin mutum abin girmamawa ne. Dole mu haɗa kai a cire abin nan."

Malama ta tuna masa cewa shi ya sa aka kafa dokar hukunta duk wanda ya taɓa kyamarar. Sauranmu muka dubi sama, muka ce yau gari ya yi kyau.

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu, ya nuna ginshiƙi.

"Ranka ya daɗe, ɗan matso nan ka ɗaga murya. Daga can ba sa jin ka sosai."