Kakan Haladu da Gadar Gangaren Tsamiya

A garinmu, Gangaren Tsamiya, ba wanda bai san Malam Haladu ba. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, amma Farfesa ake kiransa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya faro maka daga wanda ya ƙera agogo. Bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. In abu ya shige masa duhu, cewa yake masana sun yi saɓani.

To, sai aka gama mana sabuwar gada. Ƙungiyar ci gaban gari ta ce za a sa mata sunan wanda ya kafa garin. Matsalar ɗaya ce, ba wanda ya san ko wane ne. Wasu su ce maharbi, wasu su ce wani bafatake da jakinsa ya ƙi tashi.

Haladu ya gyara zama. "Kakana ne, Sambo."

Alhaji Barau, shugaban ƙungiya, ya ce, "Farfesa, da hujja?"

"Ku ba ni mako guda."

Akwai kundin ilimin nan na intanet da ɗalibai ke kwasar amsa a ciki, wanda kowa ke iya shiga ya yi rubutu. Haladu ya sani. Ya kuma tabbata dattawan ƙungiya ba su sani ba. Ya shige ɗaki da waya, ƙyat-ƙyat-ƙyat, kwana biyu ko majalisa bai leƙa ba.

Ranar Asabar aka taru a ajin firamare. Haladu ya miƙe, ya sa tabarau, ya ɗaga waya sama.

"Jama'a, ba ni na faɗa ba. Duniya ce ta rubuta."

Ya karanta. Wai jarumi Sambo Giwa ne ya kafa garin a shekarar 1804, bayan ya kashe zaki uku da mari. Wai ya haƙa rijiyar kasuwa shi kaɗai tsakanin azahar da la'asar. Har da hoto, fari da baƙi, wani mutum da ƙaton rawani ya ɗaure fuska tamau.

Alhaji Barau ya jinjina kai, ya ce sakatare ya rubuta Gadar Sambo Giwa.

Sai Malama Zulai, mai koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata, ta ɗaga hannu.

"Farfesa, ara mini wayar."

Ya miƙa mata yana murmushi. Ta danna nan, ta danna can.

"Ranka ya daɗe shugaba, shafin nan yana ajiye sunan duk wanda ya taɓa shi. Wannan bayanin ranar Talata aka rubuta shi, ƙarfe huɗu na yamma. Sunan marubucin FarfesaHaladu."

Haladu ko gezau. "Duniya da faɗi, Malama. Takwara ne."

"To. A ƙasa an sa inda aka samo labarin. An ce daga bakin shahararren masani Malam Haladu na Gangaren Tsamiya."

"Kin gani? Har can sun san ni."

"Yaushe aka haifi mahaifinka?"

"1940."

"Ke nan kakanka ya haife shi yana da shekara ɗari da sittin."

"Mutanen da akwai lafiya. Ba su cin maggi."

Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don wannan kam gaskiya ce. Alhaji Barau ya karɓi wayar, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Farfesa, kakan nan naka da agogo a hannu."

"Ya yi fatauci har gabas."

"Irin naka ne sak. Har tsagewar gilashin."

"Gado na ci."

"A bayansa kuma ga babur jingine."

Haladu ya share gumi da hula. "A nan ne masana suka yi saɓani."

Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta isa benci na ƙarshe, wurin Goggo Dije, shugabar mata, gwauruwa mai shekara tamanin da ke maƙwabtaka da Haladu. Ta kai wayar dab da hanci. Ta janye. Ta sake matso da ita. Ba ta yi dariya ba.

"Ni ban san intanet ba," in ji ta. "Amma na san rawanin maigidana, marigayi Malam. Ga inda gara ta ci nan, ni na ɗinke da hannuna."

Ta miƙa wayar gaba, ta gyara mayafi, ta dubi Haladu.

"Ranar Talata ka aiko aro, ka ce ɗaurin aure za ka. In kakan naka ya gama kashe zakunan, ka ce ya wanke ya maido mini."