Yadda Na So Kiwon Kifin Teku a Anka

Ko zan manta komai na zamana a Anka, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Mai unguwa ya tsaya a tsakar gidana ya ce in kawo makulli ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in faro daga tushe, don ku san ba wanda ya jawo min sai ni.

A lokacin ni ma'aikacin lafiya ne. Shekara uku ke nan da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da ƙauyukan kewaye, kuma aikina kullum shi ne in hau babur in bi gida-gida ina maimaita magana ɗaya: kada a shigo da dutsen zinare cikin gida, kada a niƙa shi inda yara ke wasa. Na ƙware a wannan aiki, ba yabon kai ba. Na iya ɗaure fuska, na iya leƙa bayan rumbu, na iya tambayar matar gida me ke cikin wancan buhun. Mutane suna barina in leƙa ne don sun yarda da ni, kuma ban da wannan yardar ba ni da komai a garin.

Sai aka tura ni kwas na mako biyu a Legas. A otal ɗin da aka sauke mu akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye a ciki, wani rawaya, wani shuɗi, wani ruwan goro da ratsin fari. Ni da iyakar sanina tarwaɗa da busasshen kifin kasuwar Gummi, sai na tsaya baki buɗe har aka fara darasi ba ni. Na tambaya aka ce kifin teku ne, ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Mai hankali da ya ji haka zai tuna garin da ya fito, ya kama gabansa. Ni kuwa sai na tambayi inda ake sayarwa.

Mai shagon ya yi min bayani dalla-dalla. Ba a sa kifi ranar farko. Sai an haɗa ruwa mai tsabta da wani gishiri nasu na musamman, a jera duwatsun teku masu ramuka, a jefa guntun jatan lande ya ruɓe a ciki, a bar ɗan inji yana juya ruwan har mako shida. A jikin duwatsun wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani za su hayayyafa, su ne daga baya za su riƙa cinye dattin kifi. Kullum za ka ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ka ɗiga magani, ka duba launin da ya juya. Ranar da launin ya yi daidai, sai ka aiko a kawo maka kifi. (Yadda kifi zai taso daga Legas ya iso Anka da ransa, wannan ban tambaya ba, shi ma bai ce komai ba.)

Na dawo da akwatina, da buhun gishiri, da duwatsu nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma cikin wani buhun. Na shige da su ɗakin da ke jikin zaure, na haɗa injin da batirin sola. Matata Kulu ta tambaya, na ce kayan aiki ne. Inna, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, ta bi buhun da kallo. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a ga ƙato kamata yana gadin ruwan da ba kowa a ciki. So nake sai kifi ya zo in buɗe ƙofa gari ya sha mamaki.

Mako na biyu na lura ruwan yana raguwa. Na sa alama da biro a jikin gilashi, washegari ya sauka ƙasa da alamar. Ba yoyo, na shafa ko'ina. Nan take zuciyata ta ba ni cewa ɗiba ake yi. Na tsare Kulu da tambaya har ta yi fushi ta ce me za ta yi da ruwan da ke warin mushe. Na fara kallon butar alwalar Inna da wani ido (Allah ya yafe min). Na sayo kwaɗo na garƙame ɗakin, na rataya makullin a wuya.

Ruwa bai fasa raguwa ba.

To, daga nan zargina ya tsallaka katanga. Maƙwabcina Malam Sahabi, wanda ya taso daga Dareta ya dawo Anka da iyalinsa, sau biyu ina kama shi tsaye a lungu kusa da tagar ɗakin, ya karkata kai kamar mai sauraro. Da ya gan ni sai ya yi sallama ya wuce. Na ce yauwa, na gano ɓarawon. Ban tsaya na tambayi kaina yadda mutum zai ɗebi ruwa ta tagar da aka yi wa ƙarfe ba, ko me zai yi da shi. Na yanke hukunci hassada ce, na toshe tagar da kwali, na rage masa gaisuwa.

Abin da ban taɓa zama na yi tunani a kai ba shi ne yadda abin yake a idon wanda ke waje. Mutum ya shigo da duwatsu a buhu. Ya kulle ɗaki ya toshe taga. Inji yana gurnani a ciki ba hutawa, farin garin gishiri yana fitowa ta ƙarƙashin ƙyaure, shi kuma kullum yana fitowa da 'yan kwalabe masu ruwa kore da ja yana ɗaga su a rana. Da a gidan wani na ga rabin wannan, da tuni na rubuta rahoto. 'Yar Malam Sahabi, wadda kullum take wuni tana wasa da 'yata Safiya, ta daina shigowa, na ce uban ne ya hana don baƙin ciki. A wani ƙauye na ce zan leƙa bayan rumbu, mai gidan ya tare hanya ya ce, "Likita, a hwara leƙa naka tukuna." Na dawo gida ina mitar yadda mutane suka lalace da rashin kunya.

Ranar Asabar ta mako na biyar, da hantsi, na gwada ruwan na ga launin ya kusa. Saura 'yan kwanaki. Ina cikin murna aka yi sallama, sai ga Mai unguwa da Malam Sahabi a bayansa. Inna ta shimfiɗa musu tabarma, ba wanda ya zauna.

Mai unguwa ya ce, "Likita, ba hwaɗa munka zaka yi ba. Ɗakin ga muka son ka buɗe muna."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka shi daɗe, na san wanda yak kai ƙarata." Na nuna Malam Sahabi da yatsa, a gaban mahaifiyata, a gaban matata da ke laɓe bayan labule. "Shi aka leƙena ta taga, shi aka ɗebe min ruwa. Hassada ta, ba komi ba."

Malam Sahabi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Leƙe na leƙa, ban musu. Ɗiyana biyu suna kwance makabartar Dareta, Likita. Guda tar rage min, kuma tsakar gidan ga taka wuni."

Kafin in haɗiye wannan, Inna ta ce, "Sauke hannunka. Ba shi yak kai ƙara ba, ni ta. Na tambaye ka da ido ka ƙi gani, matarka ta tambaya ka ce kayan aiki. In zinari kaka wankewa, jikata ba ta shaƙar shi ina raye."

Wallahi sai a lokacin na gane abin da ake zargina da shi. Na ciro makullin daga wuya na buɗe ɗakin.

Wari ne ya fara yi musu maraba. Suka shiga suka tsaya a gaban akwatin: ruwa, duwatsu da suka yi gansakuka ruwan ƙasa, da ragowar jatan lande da na ƙulle a tsohuwar safa. Na fara zuba bayani, teku, Legas, kifi mai ratsi.

Mai unguwa ya ce, "To ina kihin?"

Na ce ba a sa ba tukuna.

"To mi kaka kiwo?"

Na ce wasu ƙananan halittu ne, ido ba ya ganinsu.

Ya durƙusa ya manna fuska a gilashin ya daɗe yana dubawa, don dattijo ne mai adalci. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska, ya miƙe. Ya ce, "Wata guda da mako guda kana ba batir wahala, kana kiwon abin da ba a gani cikin ruwan da ba a sha." Na ce e. Don in rage wa kaina nauyi sai na nuna alamun biro, na ce amma dai ruwan raguwa yake, wannan ba ƙarya na yi ba. Inna ta dubi akwatin da ba murfi, ta dubi rufin kwano da ke tafasa a kanmu, ta ce, "Kai da kay yi boko, ka bar ruwa buɗe cikin bazarar ga, kana biɗar ɓarawo?"

Dariyar Kulu ce ta fara fitowa daga bayan labule, sannan Mai unguwa ya bi, har yana dafa bango. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Sahabi kaɗai bai yi dariya ba. Idonsa yana kan duwatsun. Ya ce, "Waɗanga hwa?" Na ce na teku ne, ba komai a jikinsu. Ya ce a hankali, "Wancan karon ma haka anka ce muna, dutse na kawai."

Na san in duwatsun suka fita daga ruwa suka bushe, halittun nan sun mutu, wahalar mako biyar ta tafi a banza. Na dubi 'yar kwalbata da launinta ya kusa, na dubi mutumin da na kira mai hassada a gaban jama'a. Na naɗe hannun riga na tsamo su ɗaya bayan ɗaya na zuba a buhu, na ce shi da kansa ya riƙe har Litinin, mu kai wurin aikinmu a ɗora musu na'urar da muke gwada ƙasa da ita. Na kuma ba shi haƙuri.

Ran Litinin abokan aikina suka gwada a gabansa, ba dalma ko ɗigo. Suka kuma sa na maimaita labarin sau uku, har mai shara sai da aka kira ya ji. Daga ranar sunana ya koma Mai Teku, kuma har na bar Anka ban taɓa ganin kifin nan ba. Amma ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da 'yar Malam Sahabi a tsakar gida ita da Safiya suna rigima a kan gwangwani, na tsaya a zaure na daɗe ban shiga ba.

Ban daina wauta ba, kada ku ɗauka na shiryu. Sai dai yanzu duk wadda zan yi, ƙofa a buɗe nake yinta, in kuma kira maƙwabta tun ranar farko su yi dariyarsu su gama.