Rasuwar 'Yar Jidda, Rikodar Gidan Malam Wada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka wayi gari marayu, iyalan marigayi Malam Wada na Dangora, ta bakin 'yarsa Dije, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Ƙiru da Bebeji, har Tudun Wada da Doguwa, rasuwar rikodarsu wadda aka fi sani da 'Yar Jidda. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara a Bebeji, bayan doguwar jinya, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan ne naɗe cikin darduma, a jakar Malam Wada, shekarar da ya sauke farali. Waɗanda suka ga ranar sun shaida cewa masu zuwa kallonta sun fi masu zuwa yi wa Malam barka da sauka. Shi kuwa Malam, malamin allo ne mai tsanani, don haka tun kafin a sa mata batir ya kafa mata doka: labarai da tafsiri, shi ke nan. "Kiɗa ba zai kwana a gidana ba," in ji shi. Dije tana yarinya a lokacin, kuma har yau ba ta ga wanda ya kai mahaifinta zafin nama ba idan aka gama labarai aka saki kalangu. Marigayiyar ta bi wannan doka sau da ƙafa muddin Malam yana gida. Idan ya tafi gona, matarsa Kyauta takan murɗa ta inda take so. A tsawon rayuwarta ba a taɓa jin ta tona asirin kowa ba.

Mai haƙuri ce. Ita ta riƙa sanar da unguwa ganin wata. Ta sanar da juyin mulki da muryar da take karanta gaisuwar masu sauraro, ba ta firgita kowa ba. Kowace damina takan yi albishir cewa takin gwamnati yana hanya, ba ta taɓa gajiya ba, kuma ba ta taɓa jin kunya ba. Ba ta san caji ba, ba ta san data ba. Batir shida ne abincinta, idan sun yi sanyi a shanya su a rana a mayar mata, ta karɓa ba ƙorafi.

Bayan rasuwar Kyauta, Malam ya tsiri wata ɗabi'a. Bayan la'asar yakan shiga ɗaki da marigayiyar, ya rage murya, ya kara kunnensa a jikinta. Kaset ɗaya yake ji kullum, wanda ya rubuta wa da ajami: Tafsiri, rana ta tara. Iyali suka yi ta yaba tsoron Allahnsa. Shekara biyu a haka, shi ma ya bi matarsa, Allah ya jiƙansu. Da aka zo rabon kaya, mazan gidan suka nuna karamci na ban mamaki, kowa ya ce Dije ce ta fi cancanta da rikodar.

Ranar da ta kai ta ɗakinta, Dije ta ce bari ta ji tafsirin nan da ya riƙe mahaifinta. Ta danna. Sai ga gurzar dutsen niƙa, sai ga muryar mahaifiyarta tana da ƙuruciya, tana rera:

"Malam ya hana kiɗa,
Bai hana dutse magana ba,
Niƙa, Kyauta, niƙa,
Wanda ya hana shi zai sha fura."

Aka yi baiti bakwai a haka. Daga nan aka ji wani yana danne dariya har ta zame masa tari, aka ji dutsen ya tsaya, aka ji Kyauta ta ce, "Malam, me kake ɓoyewa a bayan zana?" Sai ƙas, kaset ya ƙare.

Dije ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, daga nan dariyar ta juye. Shekara goma sha tara ke nan, kuma babu Juma'ar da ta wuce ba ta ji rana ta tara ba.

Ciwon ajali ya fara ne da jan murya. Kyauta ta koma rera waƙarta kamar namiji mai mura. Daga baya sai an dafa marigayiyar a baya kafin ta yi magana, sannan sai an mare ta. Madanninta ya saki, aka tokare shi da tsinken ashana. A watan jiya ta fara cin zare. Ranar Juma'ar da ta wuce ta haɗiye rana ta tara, ta rufe baki, ta ƙi buɗewa.

Dije ta goya ta da zane, ta hau babur zuwa Bebeji wurin Gwadabe, wanda ya gaji gyaran rediyo amma yanzu waya ce sana'arsa. Ya juya ta, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Baba, gaskiya ɗaya ce. In na ciro kaset ɗin, sai na fasa ta. In na bar ta, zaren zai ruɓe a ciki. Zaɓi ɗaya."

"Ba ka da wata dabara, ɗan nan? Mahaifinka sau uku yana tashinta."

"Mahaifina yana da kayanta, Baba. Ni ko a Kano ban san mai su ba."

Dije ta shafa bayan marigayiyar, inda fenti ya goge saboda mari. Sannan ta ce, "Fasa. Uwata ce a ciki."

Sautinta na ƙarshe shi ne ƙaras. Gwadabe ya zaro zaren a hankali, ya liƙe inda ya tsinke da jan farce, ya naɗe shi da biro. Kaset ya tsira. Sai dai duk rumfunan gyara na Bebeji an rasa rikoda ɗaya mai rai da za a sa shi a ciki.

Da Dije ta dawo gida, 'yarta Ramla ta same ta zaune da kaset a cinya.

"Inna, ai kin haddace. Ki rera, in ɗauka a waya."

"Ni? Da wannan muryar?"

Ta rera duka bakwai ɗin, ba ta tsallake ko kalma ba. Da ta zo ƙarshe sai ga ta tana yin tarin ma, daidai inda yake. Ramla ta tura wa kawunnanta. Babban cikinsu, wanda ya gaji makarantar Malam kuma ya gaji dokarsa, ya aiko da saƙon cewa wannan bai dace ba. Matarsa ta ce sau huɗu ya ji kafin ya aiko.

Marigayiyar ta bar kaset goma sha huɗu, da batir shida masu jinya, da eriya wadda dama aron waya ce daga keken maƙwabci, da biro ɗaya da bai taɓa rubutu ba. Ta kuma bar wata 'yar sifika da jikoki suka kawo, mai magana da Turanci idan an kunna ta, wadda iyali ba su amince da ita a matsayin magajiya ba.

An tuntuɓi liman game da jana'iza, ya ce a bar shi ya ji da mutane. Saboda haka za a naɗe ta cikin mayafinta na saƙa, a kwantar da ita a saman kabad ranar Alhamis bayan azahar. Ana sanar da 'yan gwangwan da suka fara zagaye gidan tun jiya cewa gawar ba ta kilo ba ce. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Dije har kwana uku. Ba a buƙatar hatsi ko goro. Amma duk wanda Allah ya bar wa rikoda mai numfashi a ƙarƙashin gado, daga nan har Doguwa, ana roƙonsa ya zo da ita ta yi minti shida kawai. Ya taho da batir ɗinsa.