Jakar da Na Kwantar a Gaban Sahu

Mako uku na kwashe ina binciken jakar ɗaukar katakan zamiya a kan ƙanƙara, saboda hutun da zan je ƙasar Jojiya. Ni injiniya ne, ba na sayen abu da ka. A wani shago a unguwar Al Mirqab na zaɓi wadda ta fi tsawo, mai soso da tayoyi. Mai shagon ya miƙo baƙa, na ce fara nake so, ta fi fita a hoto.

Ranar tafiya na cusa rigunan sanyi kewaye da katakan, na sa hular kwano daga sama, na ɗaure ta tamau wuri uku. Kafin in wuce filin jirgi na tsaya sallar la'asar a ƙaramin masallacin unguwarmu. Don idona ya kasance a kanta, sai na kwantar da ita a gicciye jikin bangon alƙibla.

Aka sallame, ba wanda ya fita. Can mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna daidaita sahu, kawuna a sunkuye. Ni ma na miƙe, ina tunanin wa muka rasa.

Alhaji Mumuni, dattijo ɗan Kumasi, ya dafa kafaɗata, ya rage murya. "Injiniya, namiji ne ko mace?"

Haka na durƙusa na zuge zif ɗin jakar a gaban kowa.

Shekara biyu ke nan. Har yau in mun haɗu, Alhaji sai ya riƙe hannuna bibbiyu, ya sunkuyar da kai. "Injiniya, ya ƙarin haƙuri?"