Dokta Leda da Ƙafafun Malam Hashimu

Allah ya yi wa ƙauyenmu gata da ya ba mu Abdulgani. Mutanen wasu garuruwan sai sun hau mota zuwa Bagwai neman likita. Mu namu yana nan a shagon magani, gindin ɗorawa, da farar riga har gwiwa. Wata takwas ya yi yana tura keken marasa lafiya a wani babban asibiti a birni, har ƙofar ɗakin waɗanda ciwonsu ya tsananta. An ce ba a taɓa barinsa ya shiga ba. To amma ƙofar gilashi ce, kuma Allah ya ba shi ido.

Ilmin da ya kwaso guda ɗaya ne: kowa ruwan jikinsa ya ƙare. Ciwon kai, ƙarin ruwa. Ciwon baya, ƙarin ruwa. Mu muna ce masa Dokta Leda, shi ya fi son Dokta kawai. Gaskiya mu ma da laifinmu. A nan in ba a rataya wa mutum ledar ƙarin ruwa a ƙusa ba, bai yarda an yi masa magani ba.

Bara ciwo ya kama maƙwabcina Malam Hashimu. Ƙafafu suka kumbura, numfashi da kyar, barci sai a jingine. Dokta ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Likitocin birni sai sun jona na'ura," in ji shi. "Ni daga nan na gani. Jikin nan ya bushe ƙamas."

Matarsa Asama'u ta ce, "Dokta, ƙafar fa kamar za ta fashe."

"Baiwar Allah, ruwan ne ya gangaro ƙasa, sama ba komai. Cikowa za mu yi."

Leda uku ya ɗura masa. Kafin ta huɗu, ƙirjin Malam Hashimu ya fara ƙara kamar tukunya tana tafasa. Aka sa shi a mota sai birni. Dokta ya shige gaba, wai zai yi wa abokan aikinsa bayani.

Likitar da ta karɓe shi ba ta da baiwar gani daga nesa. Ta danna ƙwaurinsa da yatsa, gurbin ya zauna. Ta saurari ƙirji, ta duba jijiyar wuya, ta ɗora na'urar hoto a cikinsa, ta sa a riƙa auna fitsarinsa awa-awa. Sannan ta ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya hau huhu. Ta tambaya ko wa ya yi masa ƙarin ruwa. A nan Dokta ya tuna bai yi la'asar ba.

Kwana shida ana yi masa allurar sa fitsari kafin numfashi ya daidaita. Allah ya yi da sauran kwana.

Ranar da muka je barka, mun tarar Dokta ya riga kowa zama a tabarma, yana jawabi.

"Haɗin gwiwa muka yi da su. Da ban zuba ba, me za su cire?"

Malam Hashimu ya juyo wajensa ya ce:

"Abdulgani, ko albasata a fadamar Watari ba na sakar mata ruwa sai na tona ƙasa da yatsa. In na warware ka zo gona in nuna maka. Amma kar ka taɓa mini injin ban ruwa."