Daktor Jaka da Kyanwar Maiturare

A watan Maris na 1974 na fara sanin Halliru, yana riƙe wa wani Bature likitan dabbobi jaka. Shekara shida ya yi yana wannan hidima, kuma kowa ya san ta hannun jaka ilimi ke hawa kai. Da yaƙi ya tsananta a 1980, Baturen ya haye kogi ya gudu, ya manta farar rigarsa a jikin ƙusa. Halliru ya saka. Ranar nan unguwarmu Abena ta sami likita. A bayan idonsa Daktor Jaka muke ce masa.

Maƙwabciyata Maiturare tana da kyanwa mai shekara goma sha uku, wadda ke tsare mata buhun geron da ya rage. Sai gashin kyanwar ya soma zuba faci-faci, fatar na fid da fari kamar dusa. Ta bar farauta ta koma susa, ɓeraye suka buɗe kasuwa a buhu.

Daktor ya zo da kansa. Ya ɗaga kyanwar ya manna a gemunsa, wai haka ake sauraron zuciya a Faransa.

"Inna, ƙarar igwa ce. Duk harbi ɗaya, gashi ɗari ke faɗuwa."

"Ɗan nan, ba ƙuma ba ce? Ko makero?"

"Makero! Ni da na duba raƙumi dubu?"

Ya cusa wa kyanwar auduga a kunne. Ta daina jin igwa, ta daina jin ɓera. Kwana bakwai yana zuwa yana sauraron zuciya da gemu, gero na raguwa. Ran na takwas ya kawo baƙin man mota, irin wanda ake shafa wa raƙumi mai ƙazwa. Maiturare ta ɗauko muciya. Na lissafa, taku huɗu ya kai shi waje.

Ita ta jiƙa farar wuta da man kaɗe, tana shafa wa kyanwarta safe da yamma.

Bayan mako biyu na shiga gaishe ta, na tarar da Daktor a tsugune, ya naɗe haɓa da rawani a zafin Afrilu. Ya kwance rawanin. Gemu ya zube zagaye kamar kwabo, fari na tashi.

"Igwar jiya ce, Inna," ya ce a hankali.

"To, a kawo auduga?" in ji Maiturare.

Ya miƙa mata haɓa.

"Matsa can, ɗan nan," in ji ta, tana lakuto mai. "Kyanwa ta riga ka layi."